Saisayen Inna

Duk lokacin da na shaƙi ƙamshin man shanu da aka daka wa kanumfari, sai in tsinci kaina a tsakar gidan Kakata, cikin tsohon garin Agadas, ina zaune bakin tabarma riƙe da ƙoƙon mai. Shekaranjiya ma haka ta faru da ni a kasuwa. Wata mata ta gifta ni da sabon kitso, ƙamshin ya biyo bayanta, na tsaya da albasa a hannu har mai tebur ya tambaye ni ko lafiya.

Kaka, mahaifiyar Innata, ita ce makitsiyar unguwarmu. A gidanta muke zaune, don Babanmu direban kamyo ne, babbar motar kaya, a hanyar Dirku, in ya tafi sai ya daɗe. Tun hantsi take shimfiɗa tabarmar kaba a gindin katanga ta miƙe ƙafafu, in inuwa ta gusa ta ja tabarmar ta bi ta, da mai kitson da komai. Kayan aikinta ba su da yawa: kibiyar ƙarfe, matsefin da ya zubar da rabin haƙoransa, ƙoƙon mai, sai kuma baki. Bakin ya fi kibiyar aiki. Babu macen da za ta ɗora kai a cinyarta ta tashi ba ta sha tsiya ba. Wannan ƙeyarta kamar an zauna a kai, waccan goshinta ya riga ta shiga zaure. Suna dariya suna dawowa, don sun san yatsunta sun fi madubi sanin kawunansu.

A wancan zamanin mata biyu kaɗai na sani a garin masu yanke gashi gajere kamar na maza: madam ɗinmu ta lakwal, wato malamar makarantarmu ta boko, da wata ungozoma ta gidan likita, dukansu daga Yamai aka turo su. Ka ga kuwa an samu abin taɗi. Wasu su ce rashin kunya ne, wasu su ce ƙyuyar zaman kitso ce. Kaka ba ta shiga wannan gardamar, ita da idon sana'a take kallo. Ta ce na madam ya yi mata, don wuyanta dogo ne kuma ƙeyarta a cike take, amma ungozomar, baiwar Allah, da ta nemi shawara da an ce ta bari, kunnuwanta sun fito kamar hannun tukunya. Duk da haka, in aka zo kan matan unguwa, hukuncinta ɗaya ne. Ɗiyar Agadas ba ta yanke gashi sai in ciwo ya kama ta, ko ƙwarƙwata, ko taɓin hankali.

Kai ɗaya ne a duk unguwar Kaka ba ta sani ba, shi ne na Innata. Inna ce ɗiyarta ta fari, kuma Kaka irin mutanen da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta kallon ta ido cikin ido. Tun yaye aka kai Inna wajen kakarta ta wajen uba, can ta girma. In Kaka na son magana da ita sai ta kira ni, ko da Inna na tsaye a wurin, ta ce in gaya wa waccan tuwo na ƙonewa. Inna kuwa gashi ne da ita har gadon baya, baƙi wuluk, wanda duk makitsiya ke mafarkin samu. Amma duk Alhamis sai ta yafa mayafi ta wuce ta gaban tabarmar uwarta ta tafi wajen maƙwabciya a yi mata. In ta dawo, Kaka ta saci kallo ta gefen ido, ta ce da ni wasu mutane tsagarsu kamar hanyar akuya. Ni a lokacin dariya abin yake ba ni. Sai da na girma ya fara ba ni tausayi.

Wata shekara, ƙarshen sanyi, zazzaɓi mai zafi ya kwantar da Inna. An kai ta gidan likita, ta daɗe a can, ta dawo kamar ba ita ba. Allah ya ba ta lafiya, amma ciwon bai tafi hannu sake ba. Gashin ya fara zuba. Da safe in na kakkaɓe matashinta sai in tara shi danƙi guda, in cusa a tsaguwar katanga kamar yadda aka koya mana, don ba a barin gashin mutum a ƙasa iska ta kai shi hannun da ba a sani ba. Kafin a yi nisa tsaguwar ta cika, na koma neman wata.

Daga nan Inna ta daina fitowa. Bazara ta shigo, irin zafin nan da ko ƙadangare ba ya tsallaka tsakar gida da rana tsaka, amma ita tana ƙuryar ɗaki da ɗankwali biyu a ka. Aka yi suna a maƙwabta ba ta je ba, aka yi rasuwa ba ta je gaisuwa ba, abin da a unguwarmu ba ƙaramin abu ba ne. Abinci sai ta tsakura ta ture. In ta ji ƙugin babbar mota daga nesa sai ta zabura ta dafe kai, tana tsoron Babanmu ne ya dawo zai gan ta haka. Mata suka yi ta kawo magani, man kaɗe, lalle, habbatus sauda, wata saiwa da aka aiko daga Ingal mai warin tsiya. Kaka ce ke dakawa da hannunta, ta ba ni in kai, ta ce in ce maƙwabta suka aiko. Jikin Inna da ya fara dawowa ya sake komawa baya, har na fara jin manya suna magana ƙasa-ƙasa in sun gan ni.

Wata safiya maƙwabciyar nan ta zo da baƙin zare, ta ce za ta tattara abin da ya rage ta kitse shi da zaren, ko Inna ta samu ta fita. Niyyarta kyakkyawa ce. Tana kama jelar farko ta ja, jelar ta biyo hannunta gaba ɗaya. Na ji Inna ta yi wani ɗan sauti, ba kuka ba, kamar wadda aka taka wa ƙafa a masallaci tana jin nauyin yin ƙara. Maƙwabciyar ta fito tana salati ta wuce gida.

Kaka na tsakiyar kitson wata mata, rabi a kitse rabi a tsefe. Ta tsaya. Ta goge hannu a zane, ta ce da matar ta ɗaura ɗankwali ta dawo gobe. Matar ta ce haba, da rabin kai za ta ratsa gari? Kaka ta ce ai da rabin hankali ta saba ratsa shi. Ta tashi ta shiga ɗakinta ta ɗauko almakashin da take yanka ƙyalle da shi, ta wasa shi a bakin turmi, ta ja tabarmarta har ƙofar ɗakin Inna ta zauna ta miƙe ƙafafu.

"Ki ce wa waccan ta fito," in ji ta. "Nan ya fi haske."

Ba sai na faɗa ba, Inna ta ji. An ɗauki lokaci labulen bai motsa ba, Kaka kuwa tana ta gwada bakin almakashi a yatsa. Can sai Inna ta fito tana dafa bango, ta tsaya tana dube-dube kamar baƙuwar da ba ta san inda ake zama ba. Kaka ta bubbuga tabarma tsakanin ƙafafunta. Inna ta zauna ta juya mata baya, Kaka ta kwance ɗankwalin farko, ta kwance na biyu.

Ba zan ɓoye maka ba, na kau da kai. Wani wuri gashi, wani wuri fata tas, ga ƙuraje da zafi ya fesa. Kaka ba ta ce uffan ba, ita da ba ta iya ganin kai ta yi shiru. Ta fara yanka a hankali, tana bi da yatsu, har ta saisaye shi duka daidai, gajere kamar na jariri. Ta wanke da ruwan karkashi, ta ce in miƙo mai. Shafar man nan ta fi yankan daɗewa. Ta bi goshi, ta bi bayan kunne, ta sauka ƙeya ta sake hawowa, wuraren da ta riga ta shafa ta sake shafa su. Inna ta rufe ido, kafaɗunta suka sauka, hawaye na bin kuncinta ba ta share ba.

"Ke, zo ki gani," Kaka ta ce da ni. "Duk unguwar ga babu ƙeya irin wagga. Madam ɗinku ma ta zo ta ɗauki darasi."

Inna ta yi magana da murya ƙasa-ƙasa, kanta a sunkuye. "Ya yi mini?"

Na jira Kaka ta juyo ta ba ni saƙo. Ba ta juyo ba. Ta kama haɓar Inna ta ɗago fuskarta, ta dube ta sosai.

"Ya yi miki," ta ce. "Ni na haifi kan ga, sai yau na gan shi."

Ta cire ƴan kunnenta na azurfa ta sa mata, ta ce wuya irin wannan ba a barin shi haka. A ranar Inna ta ci tuwo a tsakar gida. Washegari ta yafa mayafi ɗaya mara nauyi ta je gaisuwar da ake bin ta. Da Babanmu ya dawo da buhun dabino da gishirin Kawar, ya tarar da ita kai a buɗe tana tankaɗe. Ya ɗan tsaya, sannan ya ce to, yanzu wanzami ya samu mutum biyu a gidan nan. Ta jefe shi da mafici, ya kauce yana dariya, daga baya na ji yana ce mata kamar an rage mata shekaru.

Gashin ya dawo da ƙarfinsa, cike kamar da. Mata suka yi ta murna za a sake ganin jelar nan. Amma da ya ɗan taso sai Inna ta ɗauko almakashi ta ajiye a bakin tabarmar Kaka ta zauna. Haka aka ci gaba shekara da shekaru, har Kaka ta rasu. Aka yi surutu, aka gaji aka bari.

Yanzu abin ya zama ruwan dare. Ƴan mata na zuwa salon a bi musu kai da tondos, injin askin nan, wasu har da tsaga a gefe, su rufe da hijabi su fito. Ɗiyata da ƙawayenta sai su taru kan waya suna muhawara, wai mai zagayayyar fuska kada ta kuskura, mai doguwa ita ke da sa'a. Inna ta tsufa, gashinta ya yi fari fat, kuma ni ke rage mata shi. Kwanan baya ina yi mata na tambaye ta, da gaske ita ta ga gajeren ya fi yi mata kyau ne ta riƙe shi duk tsawon shekarun nan?

Ta yi ƴar dariya ta ce ita har yau ba ta sani ba, kuma ta yi kewar jelarta ba kaɗan ba.

"To mi ya hana ki bar shi ya fito?"

Ta daɗe tana murza bakin zanenta.

"Da ya yi tsawo, da Kakarki ta maida ni wajen maƙwabciya."