Ƙofar Da Nake Rufe Wa Inna

Ƙofar ɗakina ta ƙarfe ce, kuma tun da aka kawo ni gidan take wani ɗan kuka idan an tura ta: "ƙiii". A shekarar da zan ba ku labari sai ta ƙaro wani a ƙarshe, ɗan ƙarami, "ƙwas", kamar an taka busasshen kara. Na ji shi ya fi sau ashirin ban kula ba. Yau ko a gidan mutane na ji ƙofa ta yi irinsa sai na waiwaya, don shi ne mafarin abin da ba zai fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin muna zaune a Agye, ana tsakanin zagaye na farko da na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, wanda aka ce farar hula zai miƙa wa farar hula mulki. Maigidana malamin lakol ne, wato makarantar boko. Maƙwabcinmu kuwa yana da shagon da ake buga takardu da aika saƙo ta intanet. Shi ya jawo mana kabul daga shagonsa, ya biyo da shi ta kan katanga, ya ratso rumfa, ya shigo da shi ɗakina ta ɗan tsagin da ke tsakanin ƙofa da bango, ya soke shi a wani farin akwati mai fitilu huɗu. Daga akwatin nan salulolinmu suke sha. Har ya koya mini yadda ake gwada ƙarfinsa: ka buɗe wani shafi, ka danna da'ira, sai allura ta tashi kamar ta gaban moto. Ya ce in ta haura biyar, hoto da murya duk za su tafi. In ta kasa ɗaya, ko gaisuwa da ƙyar.

Ba don marmari aka jawo kabul ɗin ba, don Inna aka jawo shi, uwar maigidana. Ta zo daga ƙauyensu na wajen Cadawa ganin lokotoro, wato likitan ido, a Maraɗi, ya ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama ma yana bin sa, sai dai magani ya rage masa sauri. Aka dawo da ita gida. Sai da na kai mata fura da yamma ta ce, tana kallon ƙwaryar, "Wancan na Arewa, an ce yanzu ana ganin mutum cikin waya?"

Wancan na Arewa shi ne ɗanta na fari, yayan maigidana, wanda ya shekara takwas yana aikin gini a Aljeriya. Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ko wani mai sunan ya zo gaishe ta, sai ta laƙaba masa wani. Mutanensu asalinsu makiyaya ne, kuma kunyar ɗan fari a wajensu ba wasa ba ce. An ce ranar da zai tafi ma ba ta fito rakiya ba, tana cikin ɗaki tana tankaɗe har motar ta tashi.

Yaya ba shi da salula mai hoto. Ta ubangidansa yake ara, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, kamar minti goma sha biyar. Juma'ar farko na shimfiɗa wa Inna darduma, na jingina salula da kwanon sha. Kira ya shigo, ga Yaya tar kamar a tsakar gida, har furfurar gemunsa na gani. Muka gaisa. Inna kuwa ta juya fuska bango, ta ja mayafi. Na san muddin ina tsaye ba za ta dube shi ba, sai na fita na jawo mata ƙofa. Ina jin daɗi a raina, wai ni mai hankali, na san darajar suruka.

Ban kai madafa ba ta kira ni. "Ke, zo ki ɗauki abinki. Ya daskare."

Na tarar da hoton ya dagule kamar an zuba ruwa a kan allo. Fitilun akwati suna ta ƙifce-ƙifce. Kafin su natsu ya sake kira, lokaci ya tafi rabi. Na sake gyara mata, na sake fita, na sake rufewa. Haka dai.

Da maigida ya dawo ya ce, "Zaɓe ne. Kowa ya duƙufa kan salula yana tura maganar ƴan takara, rezo, layin sadarwar nan, ya cika. A lakol ma cewa ake da gangan ake rage shi."

Na ce, "To me ya sa ni na gan shi tar?"

Ya yi dariya ya ce, "Wataƙila rezon jam'iyyarku ɗaya."

Maƙwabcin ya zo sau biyu. Da yake namiji ne, ɗaki kuma na matar aure, daga bakin ƙofa yake tsayawa, ƙofa a wangale, labule a ɗage, maigida a gefensa. Ya danna, allura ta haura takwas. Ya nuna mana ya ce, "Madam, wanga layi ko buron prefe, babban ofishin gari, ba su da irinai. In akwai matsala, daga can Aljeriya take." Aka tambayi Yaya ta saƙo, ya ce su a can da wayar nan ake kallon ƙwallo ba ta tsayawa.

Juma'a ta biyu da ta uku duk haka suka wuce. Bayan ta ukun ne na shiga na tarar da Inna ta kife salular a kan darduma. Ta ce, a hankali, "Ki daina wahalar da kanki, ɗiyata. Da ku yana motsi, da ni yana daskarewa. Abin ba na waya ba ne. Ranar da ya tafi ban ce masa Allah ya kiyaye ba. Abin da na shuka ne."

Ga shi Yaya ya aiko cewa Juma'a mai zuwa ita ce ta ƙarshe, za a kwashe su zuwa wani aiki cikin hamada inda babu rezo, sai bayan watanni. Idon Inna kuwa ba zai jira watanni ba. Na riga na lura ta fara laluben bakin ƙwarya kafin ta ɗauki ludayi.

Ni a koleji lissafi bai taɓa sona ba, amma akwai abin da malamin kimiyyarmu yake yawan faɗi wanda ya zauna mini: in kana neman dalilin abu, ka sauya abu ɗaya kawai, ka bar sauran yadda suke. Sai na ɗauki tsohon littafin rubutun ɗiyata, mai shekara shida a lokacin, na shiga gwaji kamar wadda aka ba aiki. Bayan asuba na gwada, bakwai. Da hantsi, takwas. Da azahar, lokacin da Yaya yake kira, shida da wani abu. Na kashe salular maigida na gwada. Na cire ɗan kyallen da na saƙa na lulluɓe akwatin da shi, na gwada. Na zare kabul na hure bakinsa na mayar. Na gwada daga gado, daga bayan kabad, daga ƙarƙashin taga. Har tuwo na bari ya kama ranar Talata ina tsugune gaban allura. Gaskiya, bayan tausayin Inna, abin ya fara ba ni sha'awa. Yaya za a yi abu marar rai ya san Juma'a, ya kuma san Inna?

Maigida ya ce, "In kika gama sai mu kai takardunki ma'aikatar sadarwa, ko sabuwar gwamnati ta ba ki minista."

Abin da ban lura da shi ba, duk gwajin nan ƙofa a buɗe nake yinsa. Da rana labule kawai nake saki. Da dare kuma kafin mu rufe, maigida ya riga ya kashe akwatin don tsoron wutar lantarki mai hawa da sauka.

Ranar Juma'ar ƙarshe da hantsi na ce bari in zama Inna. Na shimfiɗa dardumarta a inda take zama, na jingina salula da kwanon nan, na danna. Allura ta tashi, ta kai bakwai. Ina zaune ina tunanin me kuma ya rage, sai ga kazata da ƴaƴanta sun kutso ta ƙarƙashin labule, sun nufi buhun gero. Na kore su, na miƙa ƙafa na tura ƙofar. "Ƙiii." "Ƙwas."

A gaban idona allura ta faɗo kamar an yanke mata igiya.

Na daɗe ina kallonta. Na tashi na buɗe, na jira fitilu suka natsu, na danna: bakwai. Na rufe: babu. Na leƙa bayan ƙofa wajen maɗaurinta, sai ga kabul ya baje kamar raken da aka tauna, fatarsa ta tsage, ana hango siraran wayoyi masu launi a ciki. Ashe duk ranar da na rufe wa Inna ƙofa don girmamawa, da hannuna nake shaƙe mata ɗanta.

Da na tsaya nan da ya fi. Amma daɗin ganowa ya ɗebe ni, na ce bari in tabbatar. Na buɗe na rufe, na buɗe na rufe, har sau huɗu. A na biyar na buɗe, fitila ta ƙi dawowa. Na ƙarasa kabul ɗin. Na ruga shagon maƙwabci, aka ce ya tafi Maraɗi sayen tawada, sai la'asar. Na dawo, na durƙusa na kama wurin da ya baje, na miƙar da shi tsakanin yatsuna biyu. Fitila ta kawo. Na saki, ta ɗauke. Na ɗaure da tsumma, na tallafe da tsinke, duk a banza. Sai hannun mutum.

Na sami Inna a rumfa tana jan carbi, na durƙusa na faɗa mata komai. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Ƙofa?"

Na ce, "Ƙofa, Inna."

"Ba ni ba ce kenan?"

"Ba ke ba ce. Ni ce, da ƙofata."

Ta ja carbi uku ko huɗu. Na ce mata yau dole ƙofa ta zauna a buɗe, kuma dole in tsaya a bakinta ina riƙe da kabul. Nan ta ɗago. "Ke a tsaye, ni ina magana da wancan? Mi kika mai da ni?"

"Zan juya baya, Inna. Zan toshe kunnuwana."

"Da wane hannun? Ba kin ce ɗaya na riƙe da igiya ba?"

Duk da halin da nake ciki sai da na yi murmushi. Na ɗauko audugar da nake goge mata ido da ita, na cusa a kunnuwa biyu a gabanta. Ta dube ni da idon nan ɗaya, ta ce wani abu ban ji sosai ba, sannan ta miƙa mini hannu in tashe ta.

Na tura ɗiyata wasa waje. Kira ya shigo, na danna mata, na fito na saki labule, na juya baya, na zura hannu ta gefe na kama kabul. Rana ta dake ni a ka, kafaɗata ta fara zogi, gumi yana sa yatsuna santsi. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina kada in motsa.

Allah ya yafe mini, auduga ba ta hana ji. Da farko muryar Yaya na ji yana ta "Inna, kina ganina?" Can na ji ta ce, "Matso da fuskarka. Ƙara matsowa." "Ka yi furfura. Kamar ubanka sak." Sai ta kira sunansa. Sau biyu ta kira, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe ba ta ci ba, ta ce, "Allah shi kiyaye ka, inda ka tafi da inda za ka." Na ji babban mutum ya fashe da kuka daga Aljeriya. Nawa hawayen suka zubo har haɓa, ba hannun sharewa.

Kafin damina ta kama, idon Inna na dama ya rufe. Amma har ta rasu, in ana hira sai ta ce, "Wancan na Arewa ya yi ƙiba a kumatu," da muryar wadda ta gani da kanta.

Abin da na koya, in abu ya lalace, kafin in ɗora wa zaɓe ko mutanen nesa ko ƙaddarar wani, in fara duba abin da hannuna yake yi kullum ba tare da tunani ba, ko da alheri nake nufi da shi. Mako uku tsohuwa tana tuhumar kanta a kan ladabina.

A ranar dai, da kiran ya ƙare na saki kabul, hannuna ya sandare. Na cire auduga na juya, sai ga ɗiyata tsugune bayan randa, ƙarƙashin taga, ashe ba ta je ko'ina ba. Ta taso ta kama zanena, ta jawo ni ƙasa, ta raɗa mini a kunne:

"Mama, ashe Kaka ta san sunan Baffa. Ɓoye shi ta yi don kada ya ƙare?"