Siket Ɗin Ƙanena

Ko zan manta da ranar da na fara rubuta sunana da hannuna a ajin yaƙi da jahilci, ina da shekara arba'in da ɗoriya, ba zan manta da safiyar Juma'ar da aka durƙusar da ƙanena a kan siminti a Doha ba, aka cire masa hula a gaban mutane.

Ni tela ce, lokacin ina ɗinkin abaya a wani shagon mata a Al Rayyan. Ƙanen nan nawa ni na goya shi bayan rasuwar innarmu, shi ya sa har ya fara furfura ba na tauna masa magana. A gida soja ne, ɗan badujala, abin busarsa kuwa algaitar nan ce mai salka da ake matsewa a hammata, sanduna uku na leƙe ta kafaɗa. Da ya bar soja ya zo nan aikin gadi. Kwatsam kamfaninsu ya rufe, aka ce ko ya sami sabon kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ko ya tattara ya koma. Ga mata da 'ya'ya a Zariya, duk shi suke kallo.

Ana cikin haka muka ji wani kamfani mai kai makaɗa otal-otal da bukukuwa yana neman mai irin busarsa. Ya je ya busa, suka ce ya yi. Suka ba shi kayan aiki, saura duba shigarsa ranar Juma'a, in ya wuce a ɗauke shi.

Ya kawo mini kayan har shago in rage masa hannun riga. Akwai baƙar hula kamar kwalekwalen da aka kifa, da bajo na farin ƙarfe a gefen hagu, an soke jan gashin tsuntsu a bayansa. Akwai dogon mayafin ulu mai gidan dara da ake yafawa a kafaɗa. A ƙasan jakar sai na zaro siket, siket sosai mai tattara a baya, yadinsa ɗaya da mayafin. Na sa shi ya gwada a bayan labule. Da ya fito na yi dariya har na dafa keke, na ce amarya, yaushe za a kai ki?

Bai yi dariya ba. Gwiwoyinsa yake kallo, ga su nan a waje tsirara. Ya ce a sojan gida wando suke sawa. Shi ke jan salla a ɗakinsu, ya san daga cibiya zuwa gwiwa al'aura ce, kuma yanzu kowa da waya a hannu, kafin ya sauke algaita hotonsa ya isa gidan surukansa. Na ce to je ka faɗa musu mana.

"Yaya, wanda ruwa ya ci ba ya zaɓen abin kamawa," in ji shi.

Tun daga ranar na rasa sukuni. In taka keke in tsaya, in ɗauko siket ɗin in juya in ajiye. Na ɗinka wa wata Balarabiya hannun abaya a baibai har mai shago ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Ƙarshe na ɗauki almakashi na yanko faɗin tafin hannu daga bakin mayafin, na ƙara a ƙasan siket, na haɗa layi da layi, gida da gida. Har gobe ina faɗa, babu telan da zai ga mahaɗin nan. Ya gwada, gwiwa ta rufu, ya yi ta sa mini albarka.

Ranar Juma'a na ƙi zama. Na bi shi har wani fili a bayan sito kusa da Asian Town, na tsaya a inuwar katanga ina ta murɗa bakin hijabina. Makaɗan suka jeru, yawancinsu 'yan Pakistan, da wani ƙaton ɗan Zangon Kumasi mai babbar ganga. Shugabansu wani gajeren tsoho ne ɗan Nepal, tsohon soja, suna ce masa Manjo. Ya bi su ɗaya ɗaya, ya gyara zaman bajo da ɗan yatsa, ya miƙar da gashin tsuntsu. Ya wuce ƙanena bai ce komai ba, har na fara hamdala.

Sai ya daka tsawa, duk suka zube a kan gwiwa. Ashe haka ake auna siket ɗinsu, ba da tef ba: mutum ya durƙusa, bakin yadin ya ɗan shafi ƙasa kawai. Kowa nasa ya tsaya daidai. Na ƙanena kuwa ya baje a siminti kamar na mai wanki a bakin rafi. Manjo ya ɗaga mayafin, ya ga ya gajarce, ya miƙa hannu ya cire hular daga kansa. A wurinsu in an karɓe maka hula da bajo, khalas, an gama da kai. Ƙanena bai ko ɗaga ido ba.

Ban san sanda na bar inuwar nan ba. Turancina na kasuwa ne, Larabcina na shago, na haɗa su na watsa wa tsohon. Na ce ni na yanka, ni na ɗinka, kuma in an ba ni wani zan sake, don addinin mutumin nan bai yarda ya nuna wa duniya gwiwarsa ba. Ƙanena yana cewa Yaya don Allah, na ce rufe mini baki. Na juya kan sauran na ce, ku kuma da kuka yi tsit, wa ke salla da wannan a cikinku?

Ɗan Kumasin ne ya fara magana, da Hausarsu ta Zango.

"Mma, gaskiya kin faɗi. Kowa na da wando cikin jaka. Ana kiran salla muna gudu bayan mota muna canji kamar ɓarayi."

Ya maimaita da Turanci. 'Yan Pakistan suka shiga gyaɗa kai. Manjo ya tsaya yana kallonsu, hular na hannunsa. Ya tambaye su tun yaushe, suka ce tun ranar farko. Ya ce abin da ya fi ba shi haushi shi ne a bataliyarsu ta da, masu busa wando suke sawa na wannan yadin, siket kuwa mai kamfani ne ya so don baƙin otal. Da wani ya buɗe baki da tuni ya yi wa mai kamfanin magana. Amma bai mayar da hular ba. Ya ce sai abin da mai kamfani ya ce.

Kwanakin da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. Waya na yin ƙara sai in zabura in duba. Ƙanena ya daina ɗaga kirana, na san yana ganin na kashe masa aiki, kuma in da an kore shi da gaskiyarsa.

Mai kamfani bai ba da duka ba. Ya ce layin gaba siket dole, mai son wando ya koma layin baya inda ba a ɗaukar hoto. Ƙanena, da ya fi su duka iya busa, ya zaɓi baya, aka miƙa masa hularsa. Yana can har yau, bayan ƙaton mai ganga, ana jinsa ba a ganinsa.

Abin da na koya shi ne, damuwar da baki zai gyara kada a ba allura ta gyara a ɓoye. Ƙartin maza sun yi ta laɓewa bayan mota da abin da tsoho ɗaya zai saurara a tsaye, kowa na tsoron ya zama na farko. Yanzu in abu ya tsaya mini a wuya, mai abin nake nema tun kafin in nemi almakashi.