Kwana Bakwai da Na Roƙa a Gorton

A shekarata ta biyu ta digiri na uku ina zaune a unguwar Perry Barr ta Birmingham, a wani ɗaki da tagarsa ke kallon bayan kanti. Aikina tun daga Kano gashin ƙashi ne, amma a Birmingham ban taɓa ko yatsan mara lafiya ba, takarda kawai nake fama da ita. Wata takardar tambayoyi ce da ake auna ciwon kafaɗa da ita. Na mayar da ita Hausa, ya rage in tabbatar tana auna abin da aka ce tana aunawa.

Abokiyar zamana a ofis Baturkiya ce, ta riga ni yin wannan aiki da harshensu, ita ta koya mini ƙa'idar. Mai ciwo zai amsa tambayoyin yau, ya sake amsawa bayan kwana bakwai. In amsoshin sun yi kusa da juna, takarda ta zauna. A tsakanin kuma ba a fara masa sabon magani, don kada a rasa gane ko takardar ce ke rawa ko ciwon ne ya sauka. Ita a asibitin garinsu ta samu mutanenta, layi guda suna jiran ta. Ni kuwa farautar Bahaushe mai ciwon kafaɗa nake yi a Ingila. Duk taron sunan da na je a unguwar Sparkhill idona na kan mata, wadda na ga ta ɗaga kular abinci tana yamutsa fuska sai in bi ta har wajen takalma. Da yawa sun amsa na farko, kafin mako ya zagayo sun sami sabon man zafi daga wata maƙwabciya, ko sun daina ɗaga wayata. Na fara jin haushin mutanen da ba su yi mini laifin komai ba sai neman sauƙi.

Ana haka wata ɗaliba a Manchester ta kira ni. Ta haihu, mahaifiyarta ta zo daga gida don jego, kuma kafaɗar tsohuwar ta dama ta ƙage. Na hau jirgin ƙasa, na sauka na hau bas zuwa unguwarsu Gorton, ruwa na tsiyaya a kan jerin gidajen jan bulo masu manne da juna.

Hajiya doguwa ce siririya, mai son zolaya. Ta riƙe hannun daman a jikinta kamar wadda ke ɓoye wani abu. Ba ta iya ɗaga shi sama da ƙirji, ba ta iya kai shi baya. Ina karanta mata tambayoyin tana amsawa, da na zo kan ko tana iya ciro abu daga aljihun baya sai ta dube ni.

"'Yar nan, a zanin nawa kika ga aljihun baya?"

Muka yi dariya. Daga nan ta nuna jaririyar da haɓa, murya ta sauka. Sunanta aka sa wa yarinyar. Ta ce 'ya'yanta duka a bayanta suka girma, jikoki ma na gida babu wanda ba ta goya ba, amma wannan takwarar tata ko sau ɗaya. Goyo sai hannu ya kai baya, nata kuwa ya ƙi. Saura wata guda bizarta ta ƙare, kuma ba ta san ko za a sake ba ta ba. Abin da take so ke nan kafin ta tafi, ba ta ɓoye ba.

Likitan unguwa ya ba ta ƙwayoyi da wata takardar motsa jiki, 'yarta kuma tana gasa mata da tawul mai zafi safe da yamma. Hannun ya ɗan fara saki. A ƙa'ida duk wannan ba laifi ba ne, tsohon magani ne, a ci gaba da shi. Na san haka sarai. Amma na gaji da asarar mutane, sai na ƙara gishiri.

"Hajiya, kwana bakwai kawai nake roƙo. Kada a taɓa kafaɗar nan da komai har na dawo. Ranar da na dawo ni da kaina zan nuna miki yadda za ta saki."

'Yar ta ce, "Anti, har da tablets ɗin da likita ya ba ta?"

Na ce, "In dai za ta iya daurewa."

Wannan maganar ce har yau take ci na. Ka ce wa tsohuwar Bahaushiya in za ta iya daurewa, ai ka ɗaure ta ke nan.

Rana ta bakwai malamina ya matso da zamanmu, na ce sai gobe na je Gorton. Washegari mura ta kwantar da ni. Da na tashi sai ga rahoton shekara a kaina. Kwana goma suka wuce, lokacin amsa ta biyu ya shige. Baturkiyar ta duba jerin mutanena ta ce wannan sai dai a cire ta, kuma gaskiya ta faɗa. Na ja layi a kan lambar Hajiya. Baturkiyar ta tambaye ni ko na sanar da matar, na ce yanzu zan kira. Ban kira ba. Kunya nake ji, kullum sai in ce sai na shirya abin da zan faɗa. Na kuma lallashi kaina da cewa ai tuni sun koma kan maganinsu, kamar yadda kowa ke yi mini.

Mako uku da 'yan kwanaki sai ga wayar 'yarta.

"Anti, sorry, ba matsa miki nake ba. Mama ce ta hana ni kira, ta ce mai karatu ba a ɗaga masa hankali. Amma flight ɗinta jibi ne, kuma har yanzu she's waiting."

"Jiran me?"

"Jiran ki. Ba ta sha ko ƙwaya ɗaya ba tun ranar. Gashin ma ta ƙi. Ta ce yarinya ta baro iyayenta ta zo karatu, ba za a ce ita ce ta ɓata mata ba."

Ina tsaye a layin biyan kuɗi na kanti da burodi a hannu. Na ajiye shi na fita, ban san me na ce wa yarinyar ba.

Da safe na tafi Gorton. Akwatuna biyu a ɗaure a bakin ƙofa, gidan na ƙamshin turaren wuta. Hajiya ta rame, idonta ya faɗa na rashin barci. Hannun da a da yake kai ƙirji yanzu da ƙyar yake rabuwa da haƙarƙari. Ba ta tambaye ni inda na shiga ba. Ta yi mini sannu da hanya, ta tambayi jikina don ta ji labarin murar, sannan ta sunkuyar da kai.

"Likita, akwai abin da zan gaya miki, kada ya zama na ci amana. Wata Juma'a abin ya fi ƙarfina, da nake wanka na bar ruwan zafi ya ɗan daɗe a kan kafaɗar. Sau ɗaya ne. Ko ya ɓata?"

Na ce bai ɓata ba.

Da ina da zuciya da a nan na faɗa mata gaskiya, cewa tun kwana na goma na cire ta, cewa duk abin da ta sha a banza ta sha shi. Ba ni da wannan zuciyar. Na ciro sabuwar takarda na karanta mata tambayoyin daga farko har ƙarshe, tana amsawa a hankali, tana ƙoƙarin kada ta yi kuskure, ni kuma ina rubutawa a takardar da na san ba za ta shiga ko'ina ba.

Da muka gama na kama hannun na gwada motsa shi. Ko rabin inda nake so bai je ba ta cije leɓe. Wataƙila ko da ta sha maganin wata guda ba zai ishi kafaɗar ba, irin wannan ciwo yana da taurin kai. Na sha gaya wa kaina haka, bai taɓa sanyaya mini rai ba. 'Yarta ta ce bari ta ɗora mata jaririyar a baya ta ɗaure mata zanin da kanta. Hajiya ta girgiza kai, ta ce wadda ba za ta iya gyara yarinya in ta zame ba, ba ta da hurumin goyo. Ta karɓe ta da hagu ta kwantar a cinya, ta daɗe tana kallon ta.

Can ta ɗago ta ce, "To likita, yanzu ina iya shan maganin?"

Na ce ta sha. 'Yarta ta kawo kwalin da kofin ruwa, na ɓare mata ƙwaya biyu na zuba a tafin hannunta na hagu. Ta haɗiye, ta goge baki da gefen mayafi.

"Allah ya sa ki ci jarrabawar, 'yar nan."

Na ce amin.