Garmahon da ya zaunar da ɗana

Shekarun baya can, zamanin da kuɗin fetur suka fara shigowa har kowane gida a Fagge yana neman rediyo da babur, na kusa rabuwa da ɗana na fari. Ni ban yi boko ba, jikata ce take rubuta wannan, ina faɗa tana dannawa a waya. Ta ce cikin masu karanta ta akwai iyayen yara irin nawa, shi ya sa na yarda. Maigidana, wanda ya fi ni sanin labarin, ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yau ba na ambatonsa ban tsaya na share ido ba.

Yaron tun yana rarrafe ba ya zama wuri ɗaya. Ba mugu ba ne, ba ya zagi, ba ya ɗauke-ɗauke. Amma tuwo a tsaye yake ci. In an aike shi sayen gishiri, sai a tarar da shi bakin titi yana kallon masu facin keke, kwanon a hannunsa. Kana yi masa magana yana kallonka, alhali hankalinsa ya bi kazar da ta gifta. Maƙwabta suka ce ƙiriniya ce, wasu suka ce rashin ji, wata tsohuwa ta ce iska ce. An yi rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi. Babansa ya yi duka har shi da kansa ya gaji. Malamin allo ma ya taɓa cewa gara a ba shi kiwon awaki da tsaron yaron nan.

Da aka sa shi firamare abin ya fito fili. Wata rana hedimasta ya aiko a kira maigidana. Ya ce masa yaron yana da ƙwaƙwalwa, amma ba ya zama, ba ya gama aiki, yana kuma hana 'yan ajin karatu. In zangon ya ƙare bai canza ba, a nema masa wani wuri.

Maigidana mai kula da sito ne a wani kanti a Sabon Gari, mutum mai ƙarancin magana. Iyayensa daga Barno suka zo, yayansa kuma ya koma can da zama. Ya dawo ya tarar da ni ina tsintar shinkafa a tsakar gida, ya ce, "In an yi hutu zan kai shi wajen Yaya. Can akwai gona da shanu, ya yi gudun har ya gaji."

Na ce, "To."

Yaran yanzu za su yi mamakin wannan to ɗin. A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta jan sa a jiki a gaban mutane, ba ta kuma sa baki a maganarsa. Kunya ce, haka muka tarar. Ni "yaron nan" nake ce masa. Na kuma sani sarai cewa ɗan da aka bai wa yayan uba ya zama nasa, in ka sake ganinsa sai da gemu. Ranar shinkafar nan da tsakuwarta muka ci.

Gidan haya muke, muna tsakar gida ɗaya da Iya, wata Bayarbiya haifaffiyar Fagge da ke sayar da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Hausarta ta fi tawa kaifi. A shekarar mijinta ya sayi sabuwar rediyo mai kaset, sai tsohon garmahonsa ya koma ɗakinta. Garmaho, don yaran yanzu, akwati ne da ake ɗora wa faifai, a wana shi da hannu, a sa allura, ya yi kiɗa na ɗan lokaci ya tsaya. Kullum bayan la'asar Iya takan sa shi tana ninke kaya. Faifanta na kiɗan Yarbawa ne, goge mai sanyi da wata 'yar ganga a hankali, da muryar dattijo kamar mai ba da labari.

Wata la'asar na ji gidan ya yi tsit. Na ruga nemansa, na fara leƙa rijiya. Sai na hango shi a ƙofar ɗakin Iya, a zaune, ya tanƙwashe ƙafa, yana ninke ɗankwali ɗaya bayan ɗaya, kunnensa wajen garmahon. Na tsaya riƙe da guga kamar wadda ta ga baƙo.

Iya ta ce, "Ƙaraso mana. Ko ɗakin nawa ma kunyarsa kike ji tunda ɗanki yana ciki?"

Na ce, "Me kika ba shi?"

"Me zan ba shi? Ni boka ce? Kwana nawa yana zuwa nan, ke kina can kina yi kamar na maƙwabta ne. Ku Hausawa, mace ta sha naƙuda ta haifi ɗa, sannan ta kasa kiran sunansa."

Faifan ya ƙare. Yaron ya zabura, ya wana garmahon, ya juya faifan, ya ruga har zaure ya dawo, ya sake zama ya ɗauki ɗankwali.

Na faɗa wa Iya maganar Barno, tunda ita ba surukata ba ce, ba kuma 'yar uwar miji ba. Sai ta ce wa yaron gobe ya zo da aikin makarantarsa. Haka aka fara. Faifai na juyawa yana rubutu, ya tsaya ya tashi ya wana, ya zagaya, ya dawo. Wata rana ya gama, wata rana bai gama ba, amma a da ko farawa ba ya yi.

Ba mu faɗa wa maigidana ba. Shi ya gano da kansa, ran da aka rufe kanti da wuri. Ya shigo da kekensa, ya ga ɗansa a gindin garmaho, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Iya, maroƙi za ku mayar mini da ɗa? Mu a gidanmu ba a gaji kiɗa ba."

Iya ta ce, "Malam, wa ka ji yana roƙo? Ko kalma ɗaya ba ya ji a waƙar nan. Dubi hannunsa, fensir ne ko makaɗi?"

"Na dai faɗa. Kada ya ƙara zama a nan."

Ya juyo ya dube ni, ni kuwa na duƙufa a kan murhu kamar ba da ni ake ba.

Yaron ya koma gidan jiya. Hutu yana matsowa, maigidana har ya sayo masa akwatin ƙarfe na tafiya, ya ajiye a ɗakina. Kullum in zan yi shara sai na ɗaga akwatin nan.

Ana haka malamin ajinsu ya haɗu da maigidana a hanyar masallacin Juma'a. Ya tambaye shi, "Me kuka yi wa yaron nan kwanakin baya? Ya fara kawo aiki a game, yanzu kuma ya daina. Ko mene ne, ku koma masa." Ni ma sai daga baya maigidana ya gaya mini. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da rikoda sabuwa fil, irin mai manyan lasifika biyu da ake yayi a lokacin, da kaset-kaset na kalangu.

Ya ce, "In dai kiɗa ne maganin, a sha shi a ɗakina, da harshen da nake ji. Wancan tsohon akwatin ma wa yake amfani da shi yanzu?"

Aka kunna. Yaron ya ajiye fensir ya kama rawa. Kafin mako ya zagayo ya haddace waƙoƙin duka, yana yi wa mai ruwa kirari, yana yi wa akuyar gidan kirari. Ya danna wannan maɓalli ya danna wancan, ran nan muka tarar ya zaro zaren kaset ɗaya ya nannaɗe turmi da shi, wai yana son ganin inda mawaƙin yake.

Iya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Barka, Malam. Yanzu ka samu maroƙin naka, da kuɗinka kuma ka sayo."

Na zaci zai yi fushi. Bai yi ba. Washegari ya nemi izinin mijin Iya a fito da garmahon tsakar gida. Ya ɗauko kujera ya zauna daga gefe da carbinsa, kamar ba kallo yake ba. Yaron ya rubuta, faifai ya ƙare, ya tashi ya wana, ya ruga zaure, ya dawo. Maigidana ya kalli haka har aka kusa kiran magariba.

Da na kai masa abinci ya ce, "Kin lura? Wannan kiɗan ba ya ce masa tashi ka taka, ba kuma maganar da zai bi. Riƙe shi kawai yake yi. Kafin ya gaji da zama kuma, faifan ya ƙare, ya sami dalilin tashi ba tare da ya yi laifi ba. Kaset kuwa ba ya ƙarewa da wuri. Ni da na sayo babba, na zaci ya fi magani."

Na ce, "Ni ban lura ba." Ƙarya nake yi, amma abin da uwar ɗan fari za ta ce ke nan.

Ya je sayen garmahon, Iya ta ce ba na sayarwa ba ne, sai dai musaya, ya ba ta rikodar tunda ta fi ƙarfin gidanmu. Ya ba ta. Abokansa na kanti sun daɗe suna yi masa tsiya, wai kowa na gaba Babarbare na baya, ya ba da sabuwar rikoda ya karɓi kayan kakanni. Ya bar su suna yi.

Bai tsaya nan ba. Ya je makaranta ya gaya wa malamin ajin abin da ya gani. A aji ba a kiɗa, amma malamin ya mai da yaron mai goge allo, mai ɗauko alli, mai kai saƙo ofis, don ya riƙa samun tashi. Zango ya ƙare, bai zo na ɗaya ba, bai ma yi kusa ba, amma hedimasta bai sake aikowa ba.

Da hutu yayan maigidana ya iso daga Barno don ya tafi da shi, kamar yadda suka yi magana. Ina daga madafi ina jin su. Maigidana ya ce, "Yaya, a yi haƙuri, ya fara kama karatu. A bar shi tukuna." Na zauna gaban murhu ina hawaye. Iya ta leƙo ta ce, "Hayaƙi ne ko?" Na ce hayaƙi ne. Ta ce, "Ai kuwa ba ki hura wutar ba."

Akwatin ƙarfen nan shi ya zama ma'ajiyar faifai. Daga lokacin maigidana ne mai zaman la'asar in yana gida. Shi da ya ce ba a gaji kiɗa a gidansu ba, shi ne yake yawo a Sabon Gari neman allurar garmaho bayan an daina sayar da ita. In faifai ya ƙare yakan ce, ko ɗaga kai ba ya yi, "Tashi ka juya." Ko da yake kafin ya rufe baki yaron ya riga ya miƙe.

Ba zan ce muku ya warke ba. Yau ɗan nawa da furfurarsa, yana gyaran injuna a Rijiyar Lemo, har yanzu in ana hira sai ya tashi ya zagaya ya dawo. Ɗan jikar tawa mai rubutun nan ya ɗauko shi sak. Shi an kai shi asibiti, likitoci suka ce abin yana da suna, ADHD suke ce masa, ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma iska ba. Suna ba shi magani, suna koya wa iyayen yadda za su bi da shi. Yana kuma sa abin kunne ya saurari kiɗa mai sanyi in zai yi karatu. Likitar ta ce wannan ƙari ne kawai, ba ya maye gurbin magani, wani yaron ya yi masa amfani, wani bai yi ba. Ni ban san na wasu ba, nawa na gani. Abin da nake cewa iyaye kawai, kafin a yanke hukunci a kan yaro, a samu wanda zai ɗauko kujera ya zauna ya kalle shi. Mu mun yi shekaru muna tsawa, ba wanda ya kalla sai mai atamfa, sai kuma uban daga baya.

Iya ta riga maigidana tafiya, Allah ya jiƙansu duka. Bayan na fita takaba, ɗan nawa ya zo wata la'asar ya jawo garmahon daga ƙarƙashin gadona. Ya kwance shi ya sa masa mai, ya sami allura ɗaya da ta rage a akwatin. Ya ɗora faifan Iya, ya zauna a ƙasa inda yake zama, kujerar babansa na gefe ba kowa a kai.

Kiɗan ya ƙare, allura tana ta ƙarar banza a kan faifan. Bai tashi ba. Tunda na haife shi ban taɓa ganin faifai ya ƙare yana zaune ba. Na gane jiran wa yake.

Na share idona na ce, "Yaron nan, tashi ka juya."