Bishiyar da Ta Ƙwace Mini Bargo

Shekarun baya, da ciwon ƙafa ya hana kakata noma, babana ya je ƙauyenmu a kudancin Kaduna ya ɗauko ta zuwa gidanmu na Samaru. Ta bar tukwanenta, ta bar akuyarta, amma ta rungumo tsiron kwakwar manja a tsohon bokiti. Ɗiyar bishiyar da marigayi kakana ya shuka ce.

Maƙwabcinmu ya leƙo tana haƙa rami ya ce, "Mama, nan fa Zazzau ce. Sanyinmu ko ƙarfe yana lanƙwasawa."

Ta ce, "Ni da na tsufa ba ga shi an dasa ni na kama ba?"

Sanyi na shigowa na gane wanda zai sha wahalar wannan magana. Ganyen ya fara ƙonewa, sai kaka ta zare bargona ta naɗe bishiya. Na ce, "Haba tsohuwa, ni da itace wa ke da jini?"

Ta ce, "Angona, kai kana da bakin kuka. Ita ba ta da shi."

Haƙorana suka riƙa kaɗawa, ina jin har a ƙauyen Bomo ana tambaya wa ke kiɗa. Ruwan wanke-wanke kuwa ni ne jakin kai wa bishiyar. Haka muka yi ta yi duk shekara, har bishiyar ta kamo ni tsawo, har na fara tsayar da 'yan jami'a ina yi musu lacca a kanta. Kaka kullum cewa take ba za ta mutu ba sai ta sha miyar kwakwarta.

Sai Lahadin Dabino ta zo, ranar da ake zagaya coci da ganye a hannu ana waƙa. Dattijon cocinmu na Sabon Gari ya zo da samari ya ce wa babana, "Malam, ga albarka a gidanka, mu je neman ganye a kasuwa?"

Babana ya sosa ƙeya ya ce, "To, a ɗiba kaɗan."

Kaka na ɗaki. Ba wanda ya tambaye ta. Samarin suka ce sabon tohon tsakiya ya fi kyau wajen saƙa gicciye, suka zura adda har cikin wuyan bishiyar. Na yi ihu, dattijon ya ce, "Yaro, aikin Ubangiji ne."

An yi waƙa, an yi rawa, da yamma aka share ganyen aka zuba a shara. Bishiyar ba ta sake toho ba. Ta ruɓe daga sama.

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta wanke bargon da hannunta, ta ninke, ta miƙo mini.

"Ungo, angona. An sallame ka."

Ba ta ga damina ta gaba ba.

Har yau ba wanda ya zo ya ce a yi haƙuri. Da shekara ta zagayo suka sayo ganye a kasuwa, ba a kuma ji an ce albarka ta ragu ba. Ni da kaka muka yi ta yaƙi da sanyi muka ci nasara, ashe ba shi ne abin tsoro ba. Bargon yana nan a akwatina. Ko sanyi zai kashe ni, ban iya rufa da shi.