Yaya Bello da ruwan da ya dawo

Shekara ashirin da biyar ke nan da teku ta ɗauke yayana Bello, kuma har yau ban yi masa kuka ba. Ba taurin zuciya ba ne. Kukan ne bai sami inda zai tsaya ba, don ba gawa, ba kabari.

Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Ƙauran Namoda, ni kuma ina koyarwa a Shinkafi. Mutanen garinmu Zurmi suna kiransa Malam Kwaɗo, saboda ba ya wuce kududdufi bai tsuguna ba. Jiharmu tana sabuwa lokacin, ana ta shirin ƙaddamar da Shari'a, sai aka tura malaman kimiyya kwas a wani tsibiri can kudu, sunana da nasa suka fito tare.

A can muka fara ganin teku tana janyewa ta bar duwatsu a fili. Yaya ya naɗe wando ya shiga. Ya nuna mini kaguwa mai kwana a cikin ƙoƙon katantanwar da ba tata ba, da wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, da wani abu kamar fure wanda in ka taɓa sai ya tsuke. Da ya tsinci wuri mai rai, irin wanda mahaifiyarmu Inna ke ado da shi a faifai, ya yi dariya ya ce, "Kai Sani, ashe kuɗin kakanninmu tafiya sukai." Ya ce duk waɗannan halittu sana'arsu ɗaya, su manne a dutse, su rufe baki, su jira ruwa ya dawo.

Ya san ruwan yana dawowa, shi ke koyar da haka a aji. Amma sanin yana cikin kansa, ƙafafunsa kuwa na Zurmi ne. A wajenmu in gulbin Bunsuru ya janye, ya tafi ke nan sai wata damina, har shuka muke yi a gurbinsa. Washegari bayan la'asar ya yi nisa a kan duwatsu, kansa a sunkuye. Ruwan bai zo masa ta gaba ba, ta baya ya zagayo. Na ga ya miƙe ya waiwayo. Bayan nan ruwa kawai na gani. Masunta suka yi iya nemansu, ba su same shi ba.

Da na dawo gida na yi wa Inna bayanin yadda ruwan can yake, yana tafiya yana dawowa. Ta ce, "To ruwan da ad da wannan ɗabi'a, shina maido min ɗana." Daga ranar ba ta karɓi gaisuwar mutuwa daga kowa ba.

Ga kuma matarsa Hadiza da goyo, ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba. Danginta suka kai magana gaban alƙali, ni kaɗai ne shaida. Ya tambaye ni, "Ka ga mutuwatai?" Hadiza na jiran in ce e, Inna na gida tana jiran in ce a'a. Na duba cikina ban sami tsoro ba, ban sami tausayi ba, sai abin da idona ya gani. Na ce, "Allah shi gafarta malam, ruwa nig gani." Aka yanke mata jiran da ake yanke wa matar wanda ya ɓata, shekara huɗu, sannan takaba. Ta yi su cif, ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Inna kuwa ta yi ta jiran gawon shanu har ta koma ga Allah.

A wancan zamani gidanmu kaɗai ke da irin wannan zama a unguwa. Yau ka bi hanyar Moriki ka tambaya, gida nawa ne 'yan bindiga suka ɗauki mutum, ba gawa ba labari. Nakan ce da Yaya zai ga matan nan, ba zai yi dogon jawabi ba. Tsugunawa zai yi ya dube su, yadda ya dubi halittun can da suka manne a dutse.

Ɗalibansa da yawa sun zama malamai, an ce wasunsu har yanzu suna tsayawa a bakin kududdufi da yara. 'Yarsa ta girma da irin sunkuyar kansa. Wurin nan da ya tsinta ya ba ni yana nan a aljihun rigata, ya daɗe da mutuwa. Wannan shi ne abin da ya rage, ban san ko ya isa ba.

Bara 'yar tasa ta zo da jaririnta ta ce, "Baba Sani, yi wa kakanai addu'a." Na ɗaga hannu. Alƙali ya daɗe da ba ni izinin cewa Allah ya jiƙansa, amma bakina ya tsaya a kan addu'ar Inna, Allah ya dawo da shi. 'Yar ta jira ni, ta jira, sannan ta shafa ita kaɗai.