Yarinyar da ta ɓace mana a tsohuwar ƙal'a

Shekarun baya, lokacin da gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, na taɓa ɗauko wa kaina wani aiki da babu wanda ya sa ni. Ni haifaffen Makka ne, a Misfala na tashi, amma kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano. Ya ratsa Chadi da Sudan, yana tsayawa ya yi noma ya tara guzuri, har ya haye teku. Ni kuma aikin tafinta ya yawata da ni, daga Istanbul zuwa Karachi da Dakar, har ƙasashen sanyi. Da na ajiye aiki na dawo gida, zama ya gagare ni. In tashi daga falo in leƙa tsakar gida, in dawo, in sake tashi. Matata takan ce, "Alhaji, don Allah ka nemi abin yi, ka cinye mini kafet da ƙafa."

Abin yin kuwa jikata ce ta ba ni shi. Suna zaune da iyayenta a unguwar Rusaifa, tana firamare a lokacin. In yi mata Hausa, ta mayar mini da Larabci, ko kaka ba ta ce mini, sai Jaddi. Wata rana na fara ba ta labarin tafiyar kakana, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Jaddi, kalas, ya isa, wannan labarin mutanen da ne. Mu 'yan Makka ne kawai."

Maganar ta tsaya mini a rai. Sai na tuna wani abu da na gani a Kanada. An kai mu wani tsohon sansanin soja na katako, inda ma'aikata ke sa tufafin zamanin da, ɗaya na ƙira, ɗaya na gasa burodi, wani na gadi da doguwar bindiga. Yaran makaranta sai rububin sojan suke yi, suna taɓa maɓallan rigarsa, suna tambaya har malamarsu ta gaji. Na ce a raina, mu ma ai muna da irin wurin. A arewa da Makka, kan tsohuwar hanyar ayari, akwai wata ƙal'a, wato gidan tsaro na dutse a bisa wani baƙin tudu, inda a da masu gadi ke tsare hanyar alhazai. Ban san ko kakana ya bi ta gindinta ba, amma irinsa da yawa sun bi.

Na tsara abina. Yara za su zama ayarin Takari, wato alhazan ƙafa irin kakana, da sanduna da goruna da ƙullin kaya a ka, su taso daga kwari su hau zuwa ƙal'a. A ƙofa masu gadi su tare su, su tambaye su daga ina, sannan a ba su ruwa. Na sami wani abokina, tsohon direban bas mai tumbi da gashin baki, na naɗa shi shugaban masu gadi. Na ce ya ɗinko kaya irin na zamanin Turkawa. Ya ce, "Bar mini wannan, ya shek. Ku yi gaba, zan same ku. Sai yaran nan sun ba 'ya'yansu labari."

Na tara jikokina da na abokai, na kuma koma tsohuwar unguwarmu na ɗebo yaran lungu, don na ga su ne ma Hausar ta fi zama a bakinsu. Cikinsu har da jikar wata Hajiya mai ƙosai da muka yi maƙwabtaka. Ita Hajiyar, Umara ta zo yi tun da jimawa ta zauna, ba ta da igama, wato takardar izinin zama. 'Yarta, uwar yarinyar, an kama ta a wajen talla an mayar da ita gida, yarinyar ta rage a hannun kaka. Yarinyar da jikata sun shaƙu, don duk zuwan da za mu yi Misfala tare suke wuni. Hajiya ta yarda za ta bi mu ta yi mana girkin zango, amma sai da ta tambaye ni har sau nawa, "Alhaji, ka tabbata babu shingen 'yan sanda a hanyar?" Na ce babu, kuma da gaske babu.

Ranar, bayan azahar, muka sauka a kwarin. Abin ya fara da kyau. Yara suka jera da kaya a ka, ina gaba da sanda ina ba da labari, ina jin kaina kamar madugu. Ba mu yi nisa ba wani jikana ya ce, "Jaddi, su mutanen da ba su da mukayyif?" Na'urar sanyaya ɗaki yake nufi. Na ce iskar Allah ce mukayyif ɗinsu. Ya ce to gaskiya sun yi haƙuri. Muna dariya, mun kusa gindin tudun, sai ga wata farar mota ta taso da gudu ta sha gabanmu. Ƙofa ta buɗe, abokina ya diro cikin kaki, da bel, da hula, da baƙin tabarau. Ashe telansa na unguwar Zahir ya ce masa kayan Turkawa ba zai samu ba, shi kuma ya ga ai kaki kaki ne. Ya busa usur, ya daka tsawa, "Waggif! Kowa ya tsaya! Ina takardunku?"

Jikokina suka fashe da dariya. Da na waiwaya, rabin ayarina babu. Ba ihu, ba kuka. Goruna na gangarawa a ƙasa, takalma warwatse, yaran lungu sun narke cikin duwatsu kamar ba a taɓa halittarsu ba. Can wajen murhu Hajiya ta miƙe tsaye da ludayi a hannu, ta kasa gaba ta kasa baya.

"Cire hular nan!" na ce wa abokina. "Cire, don girman Allah!"

Ya cire hula, ya cire tabarau, har rigar ya tuɓe ya tsaya da singileti yana kira, "Ni ne fa, Baba direba! Wasa ne!" A hankali kawuna suka fara leƙowa. Ɗaya ya fito, biyu suka biyo shi, wani yana ɗingishi ya yanke a ƙafa. Muka duba fuskoki, kowa ya dawo ban da jikar Hajiya.

Muka bazu. Na hau ƙal'ar da kaina, na leƙa kowane ɗaki, na sauko, na sake hawa. Dutsen wurin baƙi ne, ya sha rana, ko tafin hannu ba ya ɗoruwa a kai. Ga ramuka, ga tsohuwar rijiya a ƙasan kwari wadda ita ma na leƙa. Yarinya ba ta da ruwa, gorarta na nan inda ta yar. Muka kira sunanta har muryoyinmu suka dushe. Hajiya ta kira da lallashi, ta kira da faɗa, ta yi rantsuwa cewa babu askar, wato 'yan sanda. Shiru.

Abokina ya ja ni gefe, zufa na zuba daga gashin bakinsa. "Ya shek, mu kira masu ceto. Zafin nan zai kashe ta."

Na ce, "In sun zo, abu na farko da za su tambaya, 'yar wace ce."

"To mu bar ta ta mutu a rami?"

Na iya yaruka a duniya, na shiga tsakanin mutanen da ba sa jin juna na sasanta, amma ranar na rasa kalma ko ɗaya. In mun kira, wataƙila ranar ce ta ƙarshen zaman Hajiya da jikarta a Makka. In ba mu kira ba, rana na gangarawa, kuma ba mu san halin da take ciki ba. Sai kaiwa da komowa nake tsakanin mota da tudu, waya a hannu, in ɗaga in sauke.

Hajiya ce ta raba gardamar. Ta zo ta tsaya gabana, ta gyara mayafinta, ta ce, "Alhaji, kira su. In tafiya ce mu tafi. Ni dai a ba ni ita da rai."

Na fara danna waya ke nan, jikata ta riƙe mini hannun riga. Fuskarta duk hawaye. Ta juya wajen Hajiya, da yake ta san tsohuwar ba ta bin Larabci in an yi shi da sauri, ta lalubo Hausarta mai tsalle-tsalle: "Hajiya, ita ba ta fita. Mama nata ta ce, in askar ya zo, ki ɓoye, ko wa ya kira kar ki fita. Sai azan. In an yi azan, mutane suna tafi masallaci, ki shiga cikinsu ki tafi gida." Ta ce ƙawarta ta sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba.

Hajiya ta dafe ƙirji. Ko ita ba ta san da wannan ba, tsakanin uwa da 'ya aka yi shi.

Muka kalli juna ni da abokina. A Makka ba ka neman kiran salla, shi yake samunka ta kowace kusurwa. Nan kuwa daji ne, babu masallaci ko ɗaya kusa. Na ɗaga kai na dubi rana, sai kunya ta kama ni: la'asar ta shiga tun ɗazu, mu dattawa biyu har da furfura babu wanda ya lura.

Abokina ya yafa haramin da ke cikin motarsa a kan singileti, ya hau kan katangar ƙal'a yana haki, ya sa yatsu a kunne. Muryarsa ta mai kiran fasinja ce, ba ta ladan ba, ga ta a dushe, amma ta cika kwarin. Na ce wa yara kowa ya nufi inda muka shimfiɗa tabarmi, a hankali, kar wanda ya waiwaya.

Bai kai ƙarshe ba na gan ta ta gefen ido. Ta fito daga wata 'yar tsaga a gindin katanga, wurin da na wuce ta gabansa ban san sau nawa ba. Ba ta yi gudu ba. Ta kakkaɓe rigarta, ta gyara hijabi, ta sunkuyar da kai, ta shiga tsakiyar yara tana tafiya daidai da tafiyarsu. Leɓɓanta sun bushe sun tsage. Ba ta kalli kowa ba har ta isa wajen kakarta, ta kama gefen abayarta ta riƙe. Sai a lokacin ta fara kuka.

Muka ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, muka yi salla. Ba a ƙarasa wasan ba. Ƙosan ma a mota aka ci shi, abokina na ta ba yarinyar haƙuri, ita kuma ta ƙi yarda ta dube shi har muka shiga gari.

Bayan wasu shekaru Hajiya ta tattara da kanta ta koma gida da jikarta, yarinyar ta sadu da uwarta. Na ji ta girma, tana karatu. Jikata kuwa har yau suna gaisawa ta waya, kuma da Hausa, don can ɗin Larabcin ya fara zube wa ƙawar tata.

Na sha tunanin ranar. Na ga sansanin Kanada na kwaso shi ɗungurungum, ban tsaya na tambayi kaina ba ko sojan da yaransu ke rububi shi ne wanda namu suka sani. Na ɗauka tsoron hanya abu ne na zamanin kakana da sai na sa wa yara tufafi kafin su gane shi, alhali wasunsu da shi suke kwana suke tashi. Har yanzu in na je Misfala aka kira salla, lunguna suka cika da masu tafiya Harami, ba na iya tafiya kai tsaye kamar kowa. Sai in tsinci kaina ina duban ƙananan yaran da ke cikin taron, ina tambayar raina wane ne ya fito daga gida, wane ne kuma yanzu ya fito daga maɓoya.